Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo: sana'ar tsara manhaja da matasanmu

A ƴan shekarun nan, duk saurayi ko budurwar da ta ce tana son aikin kwamfuta, abu guda ake nuna mata, wato ta koyi rubuta manhaja. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai akwai wata sana'a da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ita, wadda a ganinmu ƙasarmu ta fi ƙishirwarta, amma da wuya ka ji ana ambatonta a makarantunmu. Ita ce sana'ar binciken yadda mutane ke amfani da manhaja, tare da tsara ta yadda za ta yi musu sauƙi. A kamfanoni ana taƙaita sunanta da haruffa biyu, UX.

Wani malamin nazarin tunanin ɗan Adam, Ba'amurke mai suna Don Norman, shi ya yaɗa wannan suna bayan da ya kama aiki a kamfanin Apple a 1993. Tun a 1988 ya wallafa littafi a kan kayan amfanin yau da kullum, inda ya kafa hujjar cewa idan mutane da yawa suna kuskure iri ɗaya wajen buɗe ƙofa ko kunna murhu, to a tuhumi wanda ya ƙera abin kafin a tuhumi masu amfani da shi. A kan wannan magana sana'ar ta ginu.

Aikin ya kasu gida biyu. Mai bincike yana zuwa inda mutane suke, ya zauna da su, ya ga yadda suke riƙe waya, inda suke tsayawa, abin da ke ba su tsoro da kuma wanda suke kira idan sun rikice. Mai tsarawa kuma sai ya ɗauki abin da aka gano, ya zana matakan da mutum zai bi a fuskar waya, a gwada da mutane, a gyara, a sake gwadawa, kafin masu rubuta manhaja su ɗora hannu. Gwajin ba ya buƙatar dukiya mai yawa. Jakob Nielsen, wanda suka kafa kamfanin ba da shawara tare da Norman a 1998, ya bayyana a shekara ta 2000 cewa gwaji da mutum 5 kacal kan fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin da ke cikin tsari.

Ga mai shakkar amfanin wannan aiki, ya dubi tarihin M-Pesa a ƙasar Kenya. Lokacin da aka fara gwada shi a garin Thika a 2005, manufar ita ce masu karɓar ƙananan rance su riƙa biyan bashinsu ta waya. Da masu aikin suka sa ido, sai suka tarar mutane na aika wa juna kuɗi da shi, wasu ƴan kasuwa kuma na ajiye cinikinsu a ciki don gudun ɓarayi. Suka bi abin da jama'a suka nuna musu, suka sauya akala, kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da shi a watan Maris na 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi gida. Da sun kafe a kan shirinsu na farko, da wataƙila ba wanda zai san sunansa a yau. Haka ita ma wayar Nokia 1100 da ta fito a 2003 da ƴar fitila a kanta: wanda ya sa wannan fitila ya yi tunanin garuruwan da dare ke yi babu lantarki.

To mu dawo gida. A nan Nijar, da Hausa da Zabarmanci, ba da tamma muke ƙirga kuɗi ba, da dala muke ƙirgawa, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Idan mai tuwo-tuwo ta ce ɗari, sefa 500 take nufi. Idan ta ce ɗari biyar, 2,500 ke nan. Fuskar waya kuwa lambar sefa take nunawa. Duk yaron da aka aika ya tura ɗari biyar ya danna 500, ya rage wa mai karɓa jaka biyu cur. Injiniyan da ke zaune a Faris ko a Shenzhen ba zai taɓa hango wannan ba, komai gwanintarsa, alhali ɗan shekara goma a kasuwar Maraɗi ya san shi.

Misalan suna da yawa. Akwai takardar cikewa da ke dagewa sai an sa rana da watan haihuwa, a ƙasar da dattawa da yawa shekara kawai aka ƙiyasta musu. Akwai wadda ke neman lambar gida da sunan titi, alhali mu da masallaci ko famfo muke kwatance. Akwai wadda ke ƙin karɓar haruffan ƙ da ɗ da ɓ. Akwai tsarin da ya ɗauka kowace waya ta mutum ɗaya ce, ga shi a ƙauye gida guda kan yi tarayya a waya ɗaya, kuma wanda ba ya karatu sau da yawa sai ya faɗa wa wani lambarsa ta sirri don ya danna masa. Fiye da rabin manyan ƙasar nan ba su karanta boko, shi ya sa saƙon murya na WhatsApp ya samu karɓuwar da rubutu bai samu ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aiki ne da ke jiran mai yi.

Kuma kada a ce mutanen karkara ba za su iya ba. A 2010, bayan fari, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, wasu a hannu, wasu ta waya da tsarin Zap. Binciken da Jenny Aker da abokan aikinta suka yi ya nuna cewa matan da suka karɓa ta waya sun rage ɓata lokaci a hanya da layi, kuma abincin gidajensu ya fi yawan iri. Idan an shirya abu daidai da halin mutum, zai riƙe shi.

Muna sane da abin da masu adawa da wannan ra'ayi za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko, guraben aikin ba su da yawa a Yamai, ballantana Damagaram ko Agadas, domin ƙananan kamfanoni sun saba ɗora wa mutum ɗaya rubutu da zane da gwaji. Na biyu, a 2022 da 2023 manyan kamfanonin fasaha na Amurka sun sallami dubban ma'aikata, kuma masu wannan sana'a na cikin waɗanda abin ya shafa. Na uku, ƙirƙirarriyar basira a yau tana zana fuskar manhaja cikin ƙiftawar ido. Duk gaskiya ne, shi ya sa muke gargaɗin matasa da kada su yarda da masu tallar kwas na wata uku da alkawarin albashin dalar Amurka. Wanda iyakar iliminsa jera maɓallai masu kyau a Figma, na'ura ta riga ta kamo shi. Amma na'ura ba za ta shiga zauren mai gari ta gaisa ba, ba za ta shiga cikin gida ta zauna da matan kulle ba, ba za ta gane cewa "to, madalla" da tsohuwa ta faɗa kunya ce ta hana ta cewa ba ta fahimta ba. A nan ne ƴaƴanmu, musamman mata, suka fi kowa dama.

Saboda haka shawararmu ga mai sha'awa ita ce ya fara da abin da ke kusa. Ya zaɓi aiki guda, kamar biyan kuɗin lantarki ko rijistar jarrabawa ta waya, ya nemi izinin mutum biyar ya kalli yadda suke yi, ya rubuta inda suka tuntuɓe, ya zana gyara ko da a takarda ne, ya koma ya gwada. Irin wannan aiki guda uku sun fi tarin takardun shaida daraja a idon mai ɗaukar ma'aikata. Ya kuma riƙe amanar waɗanda ya yi hira da su, kada ya yaɗa suna ko hoton kowa. Waɗanda suka karanta ilimin zamantakewa ko na harsuna a Jami'ar Abdou Moumouni, su sani ƙofar nan tasu ce kamar yadda take ta masu lissafi. Cibiyar LASDEL da ke Yamai ta shafe fiye da shekara 20 tana binciken fili a asibitoci da ma'aikatu, don haka ƙwarewar sauraron jama'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan.

Ga hukumomi da bankuna da kamfanonin sadarwa kuma, kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan matsayi zai tsaya a takarda muddin manomi bai iya duba kuɗinsa ko neman takardar haihuwar ɗansa da harshen da yake ji ba. Muna kira da duk kwangilar manhajar da za a bayar da kuɗin jama'a, a sa sharaɗin gwada ta da talakawan da za su yi amfani da ita, maza da mata, masu karatu da marasa karatu, kafin a biya ɗan kwangila. Ranar da aka sa wannan sharaɗi, guraben aikin da ake cewa babu za su samu, kuma ƴan ƙasa ne za su cike su. Allah ya sa masu iko su ji.