A Duba Damuwar Majinyaci a Inda Ake Duba Jininsa

Cututtukan da ake zama da su tsawon rai, irin su ciwon suga da hawan jini da amosanin jini da ciwon ƙoda mai kaiwa ga wankin jini, ba su tsaya a gangar jiki kaɗai ba, domin bincike ya daɗe da nuna cewa ciwon damuwa, wato ƙuncin rai mai ɗorewa da ke tafe da rashin barci da mutuwar jiki da yanke ƙauna, ya kusan ninkawa a tsakanin masu ciwon suga idan aka kwatanta su da sauran jama'a. Illar kuwa jikin take komawa, saboda wanda damuwa ta danne shi ne ke fara tsallake allurar insulin, ya yi watsi da ƙa'idar abinci, ya daina zuwa ganin likita, har gyambo ya ɓulla a ƙafa. A gida cewa ake yi tunani ya yi masa yawa, a bi shi da "sai haƙuri", kalmar da ke sanyaya zuciya amma ba ta maye gurbin magani.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, wadda aka bayyana a farkon 2023 ta kuma maye gurbin dokar 1958, ci gaba ce, sai dai likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Ko da sun wadata, mai sikila ko mai wankin ƙoda da aka tura asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Kware ko Barnawa da wuya ya je, tun da sunan da jama'a suka laƙaba wa waɗannan asibitoci ya isa ya hana 'yarsa samun miji.

Saboda haka wannan jarida na ganin cewa a ɗakin da majinyaci ya saba karɓar maganinsa ya kamata a fara duba damuwarsa. Shirin mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 don horar da ma'aikatan da ba ƙwararrun fannin ba, ya tanadi hanyar gano ciwon da fara jinyarsa, kuma takardar tambayoyi tara da ake auna damuwa da ita ba ta cin fiye da 'yan mintuna. Ya rage ga ma'aikatun lafiya na jihohi su horar da nas-nas, ga hukumar inshorar lafiya kuma ta ɗauki kuɗin magani da na zaman ba da shawara.