Wai wiwi magani ce? To mu yi ta a fili

'Yan uwana ɗalibai, wallahi na gaji da hujjar nan da ake yawo da ita a makaranta, wai "ai Turawa ma sun ce wiwi magani ce." Haba jama'a!

Sinadarai biyu ne suka yi suna a cikin ganyen: THC mai bugarwa, da CBD wanda ba ya sa maye. Maganin farfaɗiyar da Amurka ta amince da shi a 2018, Epidiolex, tataccen CBD ne, likita ke auna wa mara lafiya. Wadda ƙannenmu ke naɗawa a lungunan Nguru da Gashuwa kuwa, don THC ake zuƙarta, kuma yawan shanta tun ƙuruciya na ƙara haɗarin taɓin hankali. Ina haɗin?

Masu cewa a halatta nomanta, kamar yadda marigayi Gwamna Akeredolu na Ondo ya nema, ku amsa min. Kodin da ke kantin magani da lasisinsa ya gagare mu tsarewa, sai da gwamnati ta hana shigo da shi da haɗa shi a 2018. To gona fa, wa zai tsare ta?

Ni ɗalibin bincike ne, ina goyon bayan a nazarci CBD ƙarƙashin idon NAFDAC da NDLEA. Amma in kuɗin waje muke nema, ga riɗi, ga ƙaro, ga fadamar Haɗeja zuwa Nguru da ciyawar kachalla ta toshe wa manoma da masunta. Can ya kamata digirinmu ya yi aiki.

Kada a fake da guzuma a harbi karsana. Allah ya shirya mana zuri'a.