Ɗalibin Likita Da Al'adar Majinyaci

Duk ɗalibin da ke koyon aikin likita a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da zarar ya fara zagaya ɗakunan majinyata zai lura da wani abu da littattafansa ba su faɗa masa ba. Da yawa daga cikin mutanen ƙauyuka, irin su Kagara ta ƙasar Goronyo da makwabtanta na Wurno da Rabah, ba sa isowa asibiti sai ciwo ya ci jiki. Kafin a ɗauko mara lafiya an sha rubutu, an yi tofi, an jiƙa sassaƙe, wanzami ya yi ƙaho ko sakiya. Asibiti shi ne zangon ƙarshe.

Abu ne mai sauƙi ɗalibi ya ce duk jahilci ne. Mu a ganinmu wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa. Mutumin ƙauye yana da tsarinsa na rarraba cututtuka, kowace da mai maganinta. Karaya ta maɗori ce, haihuwa ta ungozoma, yaron da zazzaɓi ya sa ya sanƙare kuwa sai a ce iska ce ta taɓa shi, a nufi malam ko boka. Mai cikin fari kunya takan hana ta faɗin naƙuda ta zo. Matar aure ba ta fita sai da iznin mijinta, in ya tafi cin rani sai a jira shi. A kan wannan kuma ga kuɗin mota, ga nisan hanya, ga fargabar 'yan bindiga da suka addabi gabashin jihar.

Ba mu ce kowace al'ada a rungume ta ba. Doguwar naƙuda a gida da yankan gishiri sun jefa mata masu yawa cikin yoyon fitsari. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka nuna dangantakar ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa. Haka nan cutar noma, mai cinye naman baki da fuskar yara: in an gan ta da wuri magani yana tsayar da ita, in an yi jinkiri sai kisa ko mummunan tabo. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2023. Amma asibiti ba ya warkar da yaron da ba a kawo ba.

Yaya za a yi a kawo shi? Darasin yana cikin tarihin shan inna. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohin Arewa, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Da sarakuna suka shiga aikin a 2009, a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, sai ƙofofin gidaje suka buɗe, har a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Da ɗan gari akan ci gari.

Saboda haka muna kira ga hukumomin jami'a su ɗauki zaman ɗalibai a karkara da muhimmanci daidai da aikin ɗakin tiyata. Ɗalibi ya san sunayen cututtuka da Hausa, ya bambanta shawara da tamowa kamar yadda uwa take faɗinsu, ya san wanda ke yanke shawara a gida. Ma'aikatar Lafiya kuma ta jawo wanzamai da ungozomomi a jiki, ta koya musu alamun da in sun gani za su tura mara lafiya asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. A ƙara yawan 'yan matan karkara a makarantun ungozoma da jinya, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ga ɗalibai kuwa, ku tuna cewa uwar da aka daka wa tsawa don ta makara, gobe ba za ta dawo ba, kuma za ta gaya wa makwabtanta. Ku tambaye ta abin da aka ba yaron a gida cikin ladabi, ku bar mata abin da ba ya cutarwa, ku hana ta mai cutarwa da hujja. Likitan da ya iya wannan shi talakawa za su kawo wa 'ya'yansu tun ciwo yana ƙarami.