Yara masu ruwa a kai: Darasin da Zariya za ta ɗauka daga Yuganda

Daga Samaru zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba wata tafiya ba ce. Amma ga iyayen jaririn da kansa ke kumbura saboda taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, kuɗin hoto da na tiyata ne ke nesanta su da asibitin.

Lalurar na faruwa ne idan ruwan da ke zagaya ƙwaƙwalwa ya rasa hanyar fita. Wasu jariran kan same ta bayan sanƙarau, wasu kuma tana zuwar musu tare da buɗaɗɗen ƙashin baya tun daga haihuwa. Duk watan da aka ɓata ana danganta ta da iska, ruwan na ƙara danne ƙwaƙwalwa, har ta kai ga makanta ko mutuwa.

A garin Mbale na Yuganda, ƙungiyar agaji ta CURE International na da asibitin da ya keɓanta da tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ta yara. Dakta Benjamin Warf, Ba'amurken da ya koma can a 2000, ya gano cewa kusan kashi 60 cikin 100 na yaran sun samu lalurar ne bayan kamuwa da ƙwayoyin cuta.

Hanyar da aka saba ita ce sanya siririn bututu ya riƙa janye ruwan zuwa ciki. Matsalarsa toshewa, kuma idan ya toshe a ƙauye, rai na cikin haɗari. Warf ya inganta tiyatar buɗe wa ruwan hanya da na'urar leƙe, wadda ke raba yara da dama da bututun.

Zariya ba ta rasa likitoci ba. Abin da ya kamata ta kwaikwaya shi ne asusu mai ɗorewa da zai biya wa marasa ƙarfi, maimakon rokon taimako a Facebook. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun masu rauni, kuma attajiran Sabon Gari na iya ware wani kaso na zakka.

Rigakafi ya fi araha. Ƙwayar folik asid na rage haɗarin buɗewar ƙashin baya, amma lakar na rufewa cikin kwana 28 na farkon ciki, kafin mace ta fara zuwa awo. Shi ya sa dole a fara shan ta tun kafin a samu cikin.