Dajin Zugurma A Shekarar Kulle

Daga ran 30 ga watan Maris na 2020 Gwamnatin Tarayya ta hana fita a Ikko da Abuja saboda cutar korona, jihohi kuma suka bi baya, kowace da irin tata dokar, har da Jihar Neja. Aka rufe makarantu, aka tsai da tafiya daga jiha zuwa jiha har farkon watan Yuli, azumi ya zo ya wuce masallatai da yawa suna kulle.

A cikin waɗannan watanni ne labarin namun daji da suka shigo gari ya yi ta zuwa daga ƙasashen waje. A Landudno, wani gari na Birtaniya, awakin dutse suka sauko suna cin shingen gidajen mutane. A gandun Kuruga na Afirka ta Kudu zakuna suka miƙe bisa kwalta suna barci da rana tsaka. A San Faransisko ta Amurka masana suka saurari wani ɗan tsuntsu, suka tarar ya sassauta murya domin ƙarar mota ta ragu, amma duk da haka ana jin sa daga nesa fiye da da. Waɗansu labaran kuwa ƙarya ce tsagwaronta, amma jama'a suka karɓe su da murna, aka yi ta cewa duniya ta sami hutu.

To, mai son ya ga iyakar wannan magana sai ya dubi Zugurma, a Ƙaramar Hukumar Mashegu cikin ƙasar Kwantagora. Dajinta yana gabas da Kwara, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 1,370. A cikin shekarun 1970 aka haɗa shi da na Borgu, wanda ya kusa ninka shi uku, suka zama Gandun Dajin Tafkin Kainji, watau na farkon irinsa a Nijeriya. An san shi da gwanki da mazo da gada da gadu, da gwaggon biri da jan biri.

Abin lura shi ne, tun kafin korona masu yawon buɗe ido ba su cika shiga Zugurma ba, domin babu hanyoyin kirki a ciki. Borgu ake zuwa. Ke nan babu wata mota da kulle zai kawar wa gwanki daga hanya. Abin da ke matsa wa naman Zugurma tun fil azal shi ne garken shanu da ke shiga kiwo, da gatarin mai gawayi, da tarkon maharbi, da gona mai cin gefen daji kaɗan kaɗan kowace damina. Ba ɗaya cikin waɗannan da dokar hana fita ta taɓa. Hasali ma ƙarfafa su ta yi. Idan kasuwa ba ta ci ba, ɗan ci-rani ya komo gida hannu wofi, yara ba makaranta, hatsi kuma ya yi tsada, ina magidanci zai dosa in ban da daji? Ba a zarge shi ba, yunwa ba ta san iyakar gandun gwamnati ba.

Haka abin ya kasance a wurare da yawa na Afirka. Gandayen da ke biyan masu gadi da kuɗin baƙi suka wayi gari aljihu ba kome. A Yuganda, cikin watan Yuni na 2020, wani maharbi ya kashe wani sanannen goggon biri mai suna Rafiki a dajin Biwindi, lokacin da baƙi suka ɗauke ƙafa. Har dabbobin birni ma ba duka suka ji daɗi ba: birran Lobburi a ƙasar Tailan, waɗanda suka saba da abincin hannun baƙi, faɗa suka dinga yi kan titi saboda yunwa.

A garuruwan Hausa kuma ba zaki aka gani ba. Amma mutumin da doka ta zaunar a ƙofar gida ya sami sukunin ɗaga kai. Kulle ya yi daidai da faɗuwar damina, lokacin da shamuwa ke isowa ta yi sheƙa bisa itacen cikin gari, ba mai jifanta, domin bushara ce ta ruwa. Jemagu suna nan suna fita da almuru, balbela tana bin shanu. Wadda ba a gani ba ita ce angulu. Dattijai sun san lokacin da take cika kowace mahauta, yanzu kuwa yaro kan girma a Kwantagora ko Kano bai ga garkenta ba. Ba cuta ce ta kore ta ba, kasuwar masu magani da tsibbu ce ta cinye ta, kuma watanni uku na zaman gida ba su isa su komo da ita ba.

Da aka ɗage dokar, ƙarar mota ta koma San Faransisko, baƙi suka koma Kuruga. Gandun Kainji kuwa wani kullen ya tarar. A shekarun da suka biyo baya 'yan bindiga suka sami mafaka a cikinsa, har shiga daji ta zama da hatsari ga baƙo da manomi da mai gadin da aka ɗauka don ya tsare shi.