Gwamen Tayoyin Baya a Tsofaffin Motocin Yauri

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta ratsa Yauri ta nufi Koko da Jega ya san irin motar da nake nufi. Tsohuwar Golf ce ko Honda, gindinta ya kusa taɓa kwalta, but a buɗe an ɗaure da igiya, buhunan shinkafa ko albasa ko kwalayen bandar kifi sun leƙo waje. In ka biyo ta a baya ka dubi tayoyinta, za ka ga samansu ya kwanto ciki, ƙasansu ya buɗe waje, kamar ƙafafun mai gwame. Mun saba ganin haka har ido ya daina ɗaukarsa a bakin komai. A wannan mako ina so in tsaya a kan wannan gwame, domin akwai kuɗin direba a cikinsa, akwai kuma ran fasinja.

Makanikai suna kiran wannan karkata kamba. Masu ƙera mota da gangan suke barin kaɗan daga cikinta a tayoyin baya, galibi wajen digiri ɗaya zuwa ɗaya da rabi, don taya ta zauna sosai a ƙasa lokacin shan kwana. Wannan ido ba ya cika ganinsa. Idan har mai tafiya a ƙasa ya lura da gwamen daga nesa, to ya wuce abin da aka tsara.

A Amurka da Japan akwai samari masu sauke tsofaffin motocinsu ƙasa don ado, su yanke sifirin ko su sa gajere, wasu ma su karkatar da taya da gangan don ta burge. Abin ya daɗe, har jihar Kalifoniya ta taɓa yi masa doka a ƙarshen shekarun 1950. Su da kansu sun san cewa da zarar mota ta sauka, sai an koma an daidaita kamba, suna kuma sayen kayan yin hakan. Mu a nan ba ado ne ke durƙusar da motocinmu ba, lodi ne da tsufa. Amma ƙarfe bai san dalili ba. Abin da ya sami motar ɗan gayu a Los Anjalis shi ne ke samun motar da ta ɗauko kifi daga Wara, bambancin kawai shi ne can ana aunawa, nan ba a yi.

Mu yi ɗan lissafi. Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991, an tsara ta ne ta ɗauki wajen kilo 500, mutane da kaya gaba ɗaya. Direba da fasinja shida, a kilo 65 kowannensu, sun kai kilo 455. A ƙara buhu uku masu kilo 100 a but, an haura 750, kuma mafi yawan ƙarin a kan tayoyin baya ya sauka, wani ma a bayansu. Tayar da aka rubuta wa lamba 82 bayan girmanta, kilo 475 ne iyakar abin da aka yarda ta ɗauka, wannan ma idan sabuwa ce, iskarta daidai, kuma tana taka ƙasa da dukkan faɗinta. Tayar da ta yi gwame ba ta takawa da dukkan faɗinta. Nauyin yana taruwa a gefen ciki, wurin ya yi zafi, ya cinye. Mugun abin shi ne gefen da ke cinyewa shi ne wanda ba a gani. Direba zai zagaya motarsa da asuba, ya bugi taya da ƙafa, ya ga zanenta na waje garau, alhali ta ciki waya ta fara fitowa. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da kwalta ke ƙuna, irin wannan taya ce ke fashewa, sai a ce tsautsayi.

Ba kowace mota ce gwamenta ke da sanadi ɗaya ba, kuma a nan ne nake ganin ake yawan kuskure a garejojinmu. Fijo 504 doguwa da a-kori-kura, waɗanda kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975 ya cika ƙasar nan da su, ƙarfe guda ne miƙaƙƙe ya haɗa tayoyinsu na baya. Komai lodi sai dai motar ta sauka, tayoyin suna nan tsaye. In ka ga gwame a irin wannan, ƙarfen ne ya lanƙwashe. Shi ya sa tsofaffin direbobi da suka yi zamani da Fijo ba su taso da wannan damuwa ba, kuma ilimin da suka bar wa yaransu bai ƙunshe ta ba.

Honda Akod da Sibik na shekarun 1990, da Marsandi da ake kira Bi-but, wani gini ne daban. Kowace taya tana rataye ne da hannuwanta, kuma an tsara su yadda duk sanda mota ta sauka, saman tayar zai shigo ciki. A irin waɗannan gwame ɗan rakiyar tsayi ne. Mayar da motar tsayinta na asali, mafi yawansa zai tafi da kansa. In ya rage, a Honda ana iya sa wosha a bayan hannun sama inda ya kama jikin mota, tare da kusa mai tsawo da ƙarfi daidai, don a turo saman tayar waje kaɗan. Marsandin kuwa ba a ba shi wurin daidaita kambar baya daga masana'anta ba, sai dai a sayi hannu mai juyawa.

Golf 2 da 3, waɗanda su ne jakunan wannan yanki, suna tsakiya. Ƙarfe ne mai ɗan murɗawa ya haɗa tayoyin, kuma saukar mota ba ta cika canza kambarsu da yawa ba. Saboda haka Golf da ta yi gwame ko ba kaya a cikinta tana faɗa maka abu ɗaya cikin uku: boris ya saki, ko sandar da taya ke juyawa a kanta ta lanƙwashe, ko shi babban ƙarfen ya ba da kai saboda ramuka da lodi. Ƙaramar karkata ana gyara ta da siririn faifai mai kauri a gefe ɗaya, a sa shi a bayan sandar inda kusoshi huɗu suka riƙe ta. Babbar karkata ba ta da magani sai canza ƙarfen. Na sha ganin ana hura masa wutar walda ana miƙar da shi da jak. Yana miƙewa, ba shakka, amma ƙarfen da aka gasa ya rasa ƙwarinsa, kuma ranar da zai sake ba da kai ba zai yi sallama ba.

Maganin da ya fi yaɗuwa a tashoshinmu shi ne a ɗaga gindin mota: a cusa guntun roba ko ƙarfe a sifirin, ko a ɗauko sifirin wata babbar mota a ɗora. Na fahimci hikimar, domin hanyoyin da ke gangarawa ƙauyukan bakin ruwa a Ngaski da Shanga ba sa yafe wa motar da cikinta ke ƙasa, musamman da damina. Sai dai akwai abin da ba a lura da shi. Da yawa daga cikin waɗannan Golf ɗin suna da wani bawul a kusa da ƙarfen baya wanda ke auna yadda motar ta sauka, ya ƙara wa tayoyin baya ƙarfin burki gwargwadon nauyi. In an ɗaga motar ba a daidaita shi ba, sai ya ɗauka ba kaya, ya rage burkin baya a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Motar da aka bari a durƙushe kuma hancinta yana ɗagawa, sitiyari ya yi sakayau, fitilunta su riƙa haska idon mai tahowa maimakon hanya.

Awon kamba ba ya bukatar na'ura mai kwamfuta, ko da yake ita ta fi. A ajiye mota a daɓe mai daidaito, a cika iska yadda ya kamata, a ɗaura noti a zare a sake shi a gefen taya, kamar yadda magini ke duba miƙewar bango. A auna ratar da ke tsakanin zaren da bakin rim a sama, a auna a ƙasa. A rim mai inci 14, kowane digiri ɗaya yana ba da bambancin wajen milimita 6 zuwa 7. Bambancin da ya haura milimita 12 ko 13 abin bincike ne, haka ma idan dama da hagu ba su yi kusa da juna ba. Jerin aikin ma yana da muhimmanci: a fara da boris da bushin, sannan sifirin da shokozoba, su kuma biyu-biyu ake canza su, sai a duba tsayi, sannan kamba. Daga ƙarshe a duba ko tayoyin suna fuskantar gaba sak, domin tayar da bakinta ya kauce ciki ko waje gogar ƙasa take yi, kuma wannan ya fi gwame saurin cin taya. Wanda ya fara da wosha kafin ya duba sifirin ya ɓoye alamar ciwo ne kawai.

Ba na cikin masu ɗora wa direba laifi shi kaɗai. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, mai motar haya da ya ɗauki mutum huɗu kacal daga Yauri zuwa Birnin Kebbi da wuya ya fitar da kuɗin mai da na balas. Fasinja ma, mu faɗi gaskiya, shi ne ke roƙon a matsa masa ya shiga da buhunsa. Amma ribar buhu na uku da na huɗu ba duka take shiga aljihu ba. Wani kaso nata yana tafiya wurin mai sayar da taya tokumbo, wani wurin mai faci, kuma direbobi kaɗan ne ke rubuta sau nawa suka canza tayar baya a shekara balle su gane haka. Mutanen wannan yanki kuma ba baƙi ba ne ga abin da lodi ke haifarwa. Jirgin ruwan da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ya tafi da rayuka masu yawa, kuma yawan lodi na cikin dalilan da hukumomi suka ambata. Na ruwa yakan zo gaba ɗaya, duniya ta ji. Na hanya ɗaya-ɗaya yake zuwa.

Jami'an kiyaye haɗurra sukan duba shekarar da aka ƙera taya, lambobi huɗun nan na mako da shekara, kuma hakan daidai ne. Ina roƙon su ƙara da durƙusawa su leƙa gefen ciki, ko su shafa da hannu. Ƙungiyar direbobi kuwa, wadda ke karɓar kuɗi a kan kowace motar da ta yi lodi, tana iya zuba daɓen siminti mai faɗin mota ɗaya a kowace tasha, a Yauri da Wara da Shanga, ta ajiye zare da noti da rula, ta sa makaniki ɗaya ya riƙa auna motocin layi sau ɗaya a wata, yana rubuta lambar kowace mota da ratar dama da ta hagu a littafi. Motar da ratarta ke ƙaruwa wata bayan wata, a cire ta daga layi har sai an duba ƙarfenta.