Ƙazuwar zomo a ƙasar Daura: kwalbar shanu da jikin da bai wuce kilo 2 ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, nama ya yi wa tukunyar talaka nisa. Watanni biyu bayan haka aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, kuma duk mai zuwa kasuwar Mai'adua ya ga yadda hakan ya taɓa cinikin dabbobi. Shi ya sa a gidaje da dama na Daura, Sandamu, Zango da Baure za ku tarar da kejin zomaye a bayan ɗaki, wasu yaran kuma suna haɗawa da ɓeran Masar. Lissafin mai sauƙi ne: zomanya na haihuwa bayan kwana 30 zuwa 32, tana cin harawa da dusa da ganyen lambu, kuma kuɗin akuya ɗaya ya isa a fara.

To amma fa, kiwon ya shigo gidajenmu, ilimin maganinsa bai biyo shi ba. Abin da ke cike da teburin masu sayar da maganin dabbobi an yi shi ne don shanu da tumaki. Ko sabuwar Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024, maganar da aka fi ji a kanta ta shanu ce da madara da rikicin makiyaya. Mai zomo biyar shi ke yi wa kansa likita, kuma a nan asarar take. Ƙazuwa tana warkewa. Sau da yawa abin da ke kashe zomon shi ne abin da aka shafa masa ko aka ɗura masa.

Ku fara da gane ciwon, don ba kowace zubar gashi ce ƙazuwa ba. Ƙazuwar jiki wani ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana haƙa cikin fata yana zuba ƙwai. Tana farawa a hanci, leɓe, gefen ido, bakin kunne da tafin ƙafa, da farin ɓawo mai kauri da susa ba dare ba rana. Zomon ya daina ci, ya rame. Ta kunne kuma wani ƙwaron ne daban: za ku ga ɓawo ruwan ƙasa ya cika cikin kunnen, zomon na kaɗa kai. Na uku shi ne makero, wanda ke yin zagaye kamar kwabo, gashin wurin ya zube, ƙaiƙayin kuma bai kai na ƙazuwa ba. Makero ba ƙwaro ba ne, dangin fumfuna ne, don haka allurar ƙazuwa ba ta taɓa shi, kuma yana kama yaran da ke wasa da dabbar. Shi kuwa ɓeran Masar, jikinsa ba ya haɗa bitamin C da kansa. In ba ya samun ɗanyen ganye kullum, gashinsa kan lalace ko da babu ƙwaro.

Maganin ƙazuwa da likitocin dabbobi suka dogara da shi shi ne ivermectin, wanda ya shiga kasuwa a 1981, kuma a kansa aka ba Satoshi Omura na Japan da William Campbell kyautar Nobel a 2015. Magani ne mai kyau, matsalar a awo take. A kwalbar da aka saba gani, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, mil 1 na dabba mai kilo 50 ne. Babban zomo bai cika wuce kilo 2 ba. Rabonsa mil 0.04 zuwa 0.08 ne, a ƙarƙashin fatar bayan wuya. Wanda ya zuƙi mil 1 ya soka masa, ya ba shi abin da ya ninka ƙaramin awon sau 25. Hausawa sun ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. To haka ba ƙanin saniya ba ne, kwalba kawai suka tara. Sirinjin da aka saba da shi ba ya iya wannan awon. Sai irin na masu ciwon suga, mai mil 1 da aka raba gida 100, a ja gida 4 zuwa 8.

Kuskure na biyu shi ne allura ɗaya a ce an gama. Maganin ba ya kashe ƙwai. Su kan ƙyanƙyashe bayan 'yan kwanaki, ciwon ya dawo, mai zomo ya ce maganin jabu ne. A maimaita bayan kwana 10 zuwa 14, har sau uku, kuma a yi wa duk na cikin kejin, ba mai ɓawon kaɗai ba. Ƙwaron kunne na iya kai mako 3 a raye a wajen jikin dabba, saboda haka a ƙone shimfiɗar, a wanke kejin da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana. Kada ku ɓamɓare ɓawon kunne, ƙarƙashinsa ɗanyen miki ne. Ɗigon man gyaɗa mai tsabta zai tausasa shi ya faɗo da kansa.

Ga abin da ba a kusantar da shi ga zomo ko kusa. Baƙin mai, kananzir, fiya-fiya da Sniper: zomo na lasar jikinsa, duk abin da aka shafa masa cikinsa zai je. Ita kanta hukumar NAFDAC tun 2019 ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni saboda haɗarinsa ga mutane. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fipronil yana kashe zomo. Haka kafson amoxicillin ko ampiclox da ake ɓarewa a zuba a ruwan sha: yana kashe ƙwayoyin hanji masu amfani ga zomo da ɓeran Masar, zawo ya biyo baya, sai gawa. Sannan kada a yanka wanda aka yi wa allura a ci nan kusa. Ko a shanu, takardar maganin kan ce a jira kwana 35 ko fiye.

Wannan aiki ne na ƙungiya, ba na mutum ɗaya ba. Kwalba ɗaya mai mil 50 ta isa allura ɗaruruwa, mai zomo biyar ba zai taɓa ƙarar da ita ba, shi ya sa yake sayen tsiyaye a hannun mai talla ba tare da sanin ranar lalacewarsa ba. Ku haɗa kuɗi ku sayi kwalba mai lambar NAFDAC a shagon da aka sani, da ƙaramin sikeli, da kwalin sirinji. Ku ware mutum ɗaya, mace ko namiji, ya je asibitin dabbobi ko wurin malamin gona na KTARDA a nuna masa awo da yadda ake riƙe zomo. A ajiye kwalbar a inuwa, a rubuta ranar kowace allura a littafi.

Ku kuma kafa doka a tsakaninku: duk zomon da aka sayo a kasuwa, ko namijin da aka aro don barbara, a duba hancinsa da kunnensa da ƙafarsa tun a hannun mai shi. Sabon saye kuma ya yi mako 3 a kejinsa shi kaɗai kafin ya haɗu da na gida. Ta wannan ƙofar ƙazuwa ta fi shigowa, kuma rufe ta ba ya cin ko sisi.